Gashin da Mama Ta Dasa

Litinin, 29 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Yau ma akwai gari a ƙasan kabad. Ruwan hoda ne wannan karon, daga gezar dokin roba da ke layi na biyu, mai tauraro a cinya. Na share kafin Mama ta fito daga wanka. Bai yi amfani ba, ta san gezar kowannensu fiye da yadda ta san ranar mako.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da na zo Santos da akwati ɗaya, na ce wa Valdir mako guda zan yi. Ƙanena ne, yana Curitiba, yana da 'ya'ya uku da murya mai tausayi a waya. Ni ba ni da ko ɗaya daga ciki, shi ya sa ni ce a nan.

Dawakan roba ɗari da arba'in ne, 'yan tsana sittin da biyu, a kabad mai gilashi da ya cinye bangon falo. Shekara ashirin da biyu Mama ta yi a kan keken dasa gashi a kamfanin kayan wasa a São Paulo. Al'adar layinsu ita ce, duk sabon samfuri, na farkon da ya fito daga keke na mai dasawa ne, ta tafi da shi gida. Ni 'yar tsanata ta tsumma ce.

Ta ɗauko dokin ta juya shi a hasken taga.

"Solange."

"Na'am, Mama."

"Ina almakashin?"

"Yana kicin, inda yake kullum."

"To mayar da shi inda ba zai riƙa zuwa falo ba."

Talata, 30 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Ta yi min bayani, kuma abin haushin shi ne bayaninta ba shi da ɓaraka. Gashin da ya zube, in ji ta, da saiwarsa yake zubewa. Ta kama yatsana ta goga a kan guntayen da suka rage a wuyan dokin, tsaye cak kamar gemun kwana uku.

"Kin ji? Saiwa tana nan. A kamfani kilo guda ake rataya wa kowane tsagi, nawa bai taɓa fita ba. Wannan yanka ne. Mu biyu ne a gidan nan, Dakta, ni kuma ban yanka ba."

Dakta take ce min idan tana so ta zage ni.

Shekara goma sha biyar ina koya wa ɗalibai a Campinas yadda roba take mutuwa. Zafi, haske, iska, shekaru. Zaren yana bushewa daga ciki, ya karye a tsakiya, ya bar gindinsa a rami. Zan iya zana mata a allo. Ban zana ba.

Ta ture shinkafa da waken da na dafa. Ta ce ba ta cin abincin hannun da ke bin dare yana ɓarna.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Lif, na'urar hawa bene, ya lalace. Hawa huɗu. Mama ba ta iya sauka, ni kuma ba na iya barinta da murhun gas.

Asabar, 3 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Ranar wanka. Duk Asabar tana fitar da layi guda, ta wanke musu gashi da ruwan laushin wanki, ta taje da ƙaramin mataji, ta jera su a bakin taga su sha rana. Da wani zai ce in tsara hanyar da za a fi saurin kashe wannan zaren, da hakan zan rubuta masa, har da tagar. Na ja labule, ta buɗe. Na sake ja, ta dube ni irin kallon da ake wa ɓarawon da ya dawo ɗaukar takalminsa.

Uku sun lalace a hannunta yau. Tana taje jelar wani shuɗi, rabin jelar ya biyo matajin. Ta ce na riga na tsaga shi da reza don ya faɗo a hannunta, a ce ita ce.

Dona Neuza ta hawa na uku ta kawo romon kaza da shinkafa. Tare suka yi kamfani, ita a ɗakin ajiyar zare. Daga ƙofa ta fara.

"Ke Zuleide, kin ga yadda kika koma? Kamar an sa wa tsintsiya riga."

"Ya fi a sa wa firji."

"Firjin nan dai shi ya hawo miki da abinci. Buɗe baki."

Cokali shida. Ina ƙirgawa daga kicin, don idan ina falo ba ta ci.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Na auna Mama. Kilo 46.2.

Rogério ya kira sau biyu. Mijina ne har yanzu, a takarda. Na bar wayar ta gama kukanta.

Talata, 6 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Dakta Moacir ya zo, ya ɗauki minti biyar yana maida numfashi a bakin ƙofa, har na fara tunanin wa zai duba wa. Mama ta karɓe shi da fara'a, ta tambayi matarsa da sunanta, ta nuna masa 'yar tsanar amarya ta shekarar tamanin da huɗu, ta faɗa masa lambar allurar da aka dasa ta da ita. Bayan minti goma ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran lif.

A matakala ya yi min magana a hankali. Ciwon da ya rubuta a watan Oktoba, wanda ba ma kiran sunansa a gidan nan, yana tafiya yadda ya saba tafiya. Wannan ba shi ne damuwarsa ba yanzu. Idan ta sauko ƙasa da kilo arba'in da huɗu, asibiti ne, da tiyo ta hanci.

Haka Baba ya yi watanninsa biyu na ƙarshe. Ranar da muka dawo daga binne shi Mama ta tsayar da ni a gaban hoton ibadarta na Uwargida ta Aparecida da ke kan talabijin, ta sa na rantse ba zan bari a yi mata haka ba. Ba ta sa Valdir ya rantse ba. Ya je kai baƙi tasha.

Na ce wa likita ai tana cin na maƙwabciya. Ya ce cokali shida ba ci ba ne.

Laraba, 7 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sauka hawa ɗaya, na tsaya a ƙofar Dona Neuza yadda zan iya jin motsin sama. Tana haɗa jaka, za ta wajen 'yarta a Praia Grande har a gama kanival, bikin titi na shekara-shekara.

Na tambaye ta game da zaren. Ta ajiye rigar da take ninkewa.

"Kin lura ba duka ne ke zubewa ba?"

Na lura. Layin sama ko gezau.

"Na kafin tamanin da bakwai ne. Nailan na gaske, daga waje. Daga baya suka kawo wani mai araha, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ni na buɗe kwalin farko. Uwarki ta murza shi a yatsa ta ce wannan ba shi ba ne, ta je har ofis. Aka ce mata idan yana riƙe kilo guda, to shi ne. Ya kuwa riƙe. Ita ce shugabar layi, ita ke sa hannu a katin kowane kwali kafin ya fita. Shekara tara tana sawa."

"To ai ta sani ke nan."

"Ta san ya riƙe kilo. 'Yata, ki bar ta da abinta."

"Ba ta cin abinci, Dona Neuza."

"Ku masu boko komai sai kun bayyana. Na bar miki romo a roba biyu, ki ce ni na dafa yau."

Alhamis, 8 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Ta ɗanɗana romon ta ce na jiya ne, kuma ni na ɗumama.

Kilo 45.5.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa mata.

Ta tashi da kai garau yau, har ta san Juma'a ce. Na ga dama ce. Na zaunar da ita a tebur, na ɗauko doki biyu, ɗaya daga layin sama, ɗaya daga na huɗu. Na ba ta sili ɗaya daga kowanne na ce ta murza da kanta. Na farko ya nannaɗe ya miƙe. Na biyu ya zama gari a yatsunta, ruwan ɗorawa. Na yi mata darasin da nake wa 'yan shekarar farko, da kalmomi masu sauƙi, da murya mai daɗi. Na ma yi shi da kyau.

Ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Na tamanin da bakwai."

"Shi ne, Mama."

"Duka?"

"Duk wanda aka yi da shi. Ba hannunki ba ne, zaren ne."

"Dubu ɗaya da ɗari biyu muke fitarwa a rana." Ta goge yatsun a rigarta. "Na yaran mutane ma haka suke yi yanzu?"

Sai na ce, don in kwantar mata da hankali, ai yawancinsu an jefar da su tuntuni.

Digiri uku gare ni.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta kwanta ta fuskanci bango.

Asabar, 10 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Ba a yi wanka ba. Ba ta buɗe kabad ba. Ba ta zage ni ba.

Ganguna a titi tun azahar. Daga taga na ga wani ƙato sanye da rigar ma'aikaciyar jinya yana amai a jikin bishiya.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Ko ruwa. Ina jiƙa mata leɓe da auduga, ba ta hana ni, ba ta kuma dube ni. Da tana hana ni da ya fi.

Valdir ya kira daga bakin teku, ina jin yara a bayansa.

"Sol, ki yi haƙuri da ita, tsufa ne. Kin gwada ayaba? Tana son ayaba."

"Na gwada ayaba, Val."

"Da madara fa?"

"Kana so ka zo ka gwada da madarar?"

"Haba, kin san yadda jirage suke a kanival. Ke ce dai kika iya da ita."

Ya ce zai yi mana addu'a. Na ce ya haɗa da lif.

Litinin, 12 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Ta fito falo da kanta, tana dafa bango. Ta tsaya gaban kabad, ta ƙirga waɗanda suka yi sanƙo, ta juyo.

"Biyu kika ƙara."

Juma'a ta goge daga kanta. Babu ita, babu tamanin da bakwai. Ta ce min muguwa, ta ce tun ina ciki nake harbinta, ta sha rabin kofin ruwa daga famfo da hannunta don kada in taɓa kofin.

Na shiga banɗaki na zauna a kan murfin masai. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Talata, 13 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Kilo 44.6. Biskit biyu daga fakitin da ta buɗe da kanta.

Ta ɓoye almakashi, wuƙaƙe, abin yanke farce, har da abin fere dankali, a ƙarƙashin katifarta. Da cokali na yanka albasa.

Saƙo daga shugabar sashenmu a jami'a: tana so ta san ko zan karɓi ajina ranar ashirin da shida, ko a ba wani. Saƙo daga Rogério, mai tsawo, na ga layin farko kawai. Layin farko ya isa.

Laraba, 14 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu na rana

Larabar Toka, washegarin kanival. Gari ya yi tsit, kowa yana jinyar kansa.

Na zauna gaban kabad na daɗe. Ana ganin abin idan mutum ya natsu. Babu iska, babu mai taɓawa, sili ɗaya ya saki ya sauko kan gilashi. Sai wani. Fuskokinsu kuwa ba abin da ya same su, duk suna ta murmushi da manyan idanu.

Ranar Juma'a ta gaskata ni, ta daina shan ruwa. Ranar Litinin ta ƙaryata ni, ta sha rabin kofi. Ko ɗalibin da ya fi kowa daƙiƙanci zai iya karanta wannan sakamakon.

Gobe Dakta Moacir zai dawo da sikelinsa, ƙarfe huɗu.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Da safe kilo 44.1.

Na dafa wake, na bar tukunyar a buɗe ƙamshi ya cika gida. Tana kujerarta da wani farin doki a cinya, tana shafa inda geza take a da. Na jawo kujera 'yar ƙasa na zauna a gabanta.

"Mama, ni ce."

Ba ta ɗago ba.

"Ni nake yankewa. Duka ni ce."

"Da me? Almakashin yana wajena."

"Da reza. A jakar wankana take."

"Kawo."

Na je na ciro ta aske ƙafa na ba ta. Ta duba ta gaba da baya kamar alƙali, ta sa a aljihu.

"Saboda me?"

Ban shirya wannan ba. Na shirya laifin, ban shirya dalili ba.

"Saboda ba ki taɓa bari na taɓa su ba. Ko sau ɗaya. Kina taje su duk Asabar, ni kuma Dona Neuza ke min kitso."

Ya fito da sauri fiye da yadda ƙarya ta saba fitowa. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Ta dube ni sosai, karo na farko cikin kwana goma sha bakwai da fara zargina. Fuskarta ta saki. Ban ga fushi ba, abin da na gani ya fi kama da na mutumin da aka sauke wa buhu.

"Na sani. Tun kina ƙarama hassada gare ki, irin ta dangin ubanki." Ta ɗaga dokin. "Na ce aikina ba ya zubewa."

"Ba ya zubewa, Mama."

"Wanda ya ɓata shi zai gyara. Ɗaya bayan ɗaya. Ba za ki bar gidan nan ba sai kin gama."

"To."

"Me ke ƙonewa?"

"Wake ne, bai ƙone ba."

"Kawo in gani."

Ta ce babu gishiri, ta ce shinkafar ta caɓe, ta ce shekara nawa ina makaranta ban iya soya tafarnuwa ba. Ta cinye faranti, ta nemi garin rogo a kai.

Da likita ya zo ta ba shi labari tun bai zauna ba, cewa 'yarta mai digiri uku ta amsa laifinta. Ya dube ni ta saman tabarau. Na dubi sikeli. Ya ce zai dawo bayan mako biyu.

Asabar, 17 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Dona Neuza ta dawo da baƙin rana a kafaɗa. Mama ta tare ta da labarin.

"Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Da reza."

"Kin faɗa, ƙawata. Kin ci sa'a ba kanki ta aske ba."

A ƙofa ta matse min hannu, ta ce gishiri kaɗan nake sawa, gaskiyar Zuleide ce.

Talata, 20 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Zaren da na yi oda ya iso, nailan, kala takwas.

Ana tsoma dokin a ruwan zafi har wuya ya yi laushi, a cire kan. A tsince tsofaffin saiwoyi daga ciki da hantsaki. Sun ƙi fita, sai da na yi gumi, ita kuwa tana gefe tana murmushi. Sai doguwar allura, sili goma sha biyar a kowane rami, a ƙulla daga ciki. Ba ta iya riƙe allurar yanzu, don haka hannu nawa ne, ido nata.

"Goma sha biyar na ce, Dakta. Wannan sha bakwai ne."

Na ƙirga. Sha bakwai ne.

"Daga keya ake farawa. Layin tsaga biyu ne, a haɗe, don kada a ga roba. Wa ya koya miki riƙe allura, mahauci?"

Na huda yatsa sau huɗu. Rami ɗari da tara ne a wuyan doki ɗaya, ban da jela. Mun yi talatin. Ta ci gwanda da burodi tana kallona.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Kilo 44.9.

Doki ɗaya ya ƙare, kwana uku. Ta rataya masa fakitin sukari mai kilo guda da igiya, ya riƙe. Ba ta yaba ba, ta dai sa shi a kabad, a can baya.

Na duba shekarun da ke ƙarƙashin kofatansu. Ɗari da talatin da ɗaya ne na bayan tamanin da bakwai. Sau kwana uku. Na iya lissafi.

An gyara lif.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na rubuta wa shugabar sashe a ba wani ajin. Layi biyu. Ta amsa da hoton zuciya.

Litinin, 26 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

A wannan lokacin wani yana tsaye a gaban allona yana neman alli.

Na fito na tarar da ita gaban kabad cikin rigar barci. Gari a kan gilashi na uku, kore, ƙarƙashin wata 'yar tsana mai laima. Na makara, ban share ba. Ta nuna da yatsa. Na ga idonta yana tafiya daga garin zuwa lambar layin, ya tsaya, kamar wani abu yana ƙoƙarin tasowa daga ƙasan ruwa.

Na riga shi.

"Ni ce, Mama."

"Na karɓe rezar."

"Ina da wata."

Ta girgiza kai, ta ja numfashi, ta rufe gilashin.

"Ba ki da hali, Solange. Ɗora ruwan zafi. Ki soya min ƙwai biyu kafin ya tafasa."